Rarar Nono a Akurkin Kaji: Amfaninta da Iyakarta

Madara abinci ce da ba ta jira. Idan aka tatse ta da safe a ƙasa mai zafi, ba a dafa ta ba kuma ba a sanyaya ta ba, kafin la'asar ta fara juyawa. Wannan ne ya sa duk gidan da ke da shanun tatsa yake fuskantar lokutan da nono ya fi ƙarfin masu sha da masu saye. A rugagen Arewacin Najeriya da kudancin Nijar da damina abin ke faruwa: ciyawa ta yi, shanu sun ƙoshi, hantsa ta cika, amma hanya ta ɓaci, kowace mai talla ta fito da ƙwarya cike, farashi ya faɗi. Saniyar Bunaji da ake kiwo a gargajiyance ba ta ba mai tatsa fiye da lita ɗaya zuwa biyu a yini ba bayan ɗan maraƙi ya sha, sai dai idan shanun sun kai goma ko ashirin, abin da ake tarawa ya wuce na fura da miya. Rarar ta wuri ce da lokaci. Ƙasashen biyu gaba ɗaya ba su wadatu da madara ba, domin mafi yawan abin da kamfanoni ke sarrafawa garin madara ne da ake shigo da shi daga waje.

Abin da ake kira rara ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsalar da ke saura bayan an kaɗa nono an kwashe man shanu. Akwai nonon da ya dawo daga talla ya yi tsamin da ba mai saye. Akwai ruwan da ke tsiyaya idan an yi cuku, kamar yadda matan Fulani da Buzaye ke yi a yankunan Tawa da Agadas, ko wara a ƙasar Kwara da Oyo. Akwai kuma dakashin saniyar da ta haihu, wanda ya fi ƙarfin maraƙi. A yawancin gidajen makiyaya nono na mata ne, kaji ma nasu ne, saboda haka hannu ɗaya ne ke da ikon yanke shawarar inda rarar za ta tafi.

Amfanin nono ga kaza ya samo asali ne daga giɓin da ke cikin hatsi. Masara tana da furotin kusan kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari, dawa da gero sun ɗan ɗara haka, alhali kaza mai ƙwai tana bukatar kashi 16 zuwa 17 a abincinta, 'yan tsaki kuma kusan kashi 20. Ba yawan ne kaɗai ya gaza ba. Furotin gini ne da aka harhaɗa da ƙananan sinadarai kusan ashirin, kuma idan ɗaya daga cikin waɗanda jiki ba ya iya yi da kansa ya yi ƙaranci, sauran ba sa amfanuwa yadda ya kamata. Hatsi yana da ƙarancin wanda ake kira laisin, madara kuwa tana da shi a wadace. Don haka ɗan nono kaɗan a cikin dusa yana yin aikin da ya fi girmansa, domin yana buɗe wa kaza hanyar cin moriyar furotin ɗin da ke cikin hatsin kansa. Kazar da ke yawo tana cike wannan giɓi da fara da gara da tsutsa. Wadda aka killace don kada ta ɓata shuka, kamar yadda ake yi da damina, ba ta da wannan dama, kuma lokacin ya zo daidai da lokacin da nono ke yawa.

Abu na biyu shi ne bitamin B2, wanda ake kira ribofilabin. Shi ne ke ba ruwan cuku launin nan nasa na rawaya mai sirkin kore, kuma daga wannan ruwa masana suka fara gano shi. Hatsi ba shi da shi sosai. Ɗan tsakon da ya rasa shi yatsunsa kan lanƙwashe ciki, ya koma tafiya a kan gwiwa, ƙwan kazar da ta rasa shi kuma ba ya ƙyanƙyasuwa da kyau. Hasken rana yana lalata wannan bitamin cikin sa'o'i kaɗan, don haka nonon da aka bari a buɗe a tsakar gida ya yi asarar wani ɓangare na amfaninsa. Akwai kuma bitamin B12, wanda ba a samun sa a tsirrai.

Ciyar da kaji da madara tsohuwar sana'a ce a Turai da Amurka, kuma tarihinta yana nuna yadda abin yake aiki. A 1878 injiniya ɗan Suwidin Gustaf de Laval ya ƙera injin da ke raba mai da madara nan take. Da injin ya bazu, sai manoma suka koma sayar da man kaɗai ga masu yin bota, madarar da aka tsame wa mai ta rage a gona da yawa, ana shayar da maruƙa da aladu da kaji. A yankin Sussex na kudancin Ingila, musamman kewayen garin Heathfield, an yi sana'ar turkar kaji daga ƙarni na 19 har zuwa farkon rabin ƙarni na 20: ana dama garin hatsin oti da nono mai tsami da kitsen tumaki, ana ɗura wa kaji na kusan mako uku, a yanka a tura Landan ta jirgin ƙasa. A Amurka kuma manyan masu sayen kaji sun kafa wuraren turka inda ake ba su kunun gari da tsala na mako ɗaya zuwa biyu kafin yanka, ana sayar da su da tsada a matsayin kajin da suka sha madara.

Inda al'adar ta ci gaba har yau shi ne yankin Bresse a gabashin Faransa. Kazar Bresse fara ce mai jan tukku da shuɗayen ƙafafu, kuma tun 1957 doka ta keɓe sunanta ga kajin da aka kiwata a wannan yanki bisa ƙa'ida. Kowace kaza sai an ba ta filin ciyawa na aƙalla murabba'in mita 10. Abincin da ake ba ta masara ne da alkama da kayan madara, kuma da gangan ake rage masa furotin domin ta fita ta nemi ƙwari da kanta. Ba a yanka ta sai ta kai wata huɗu, fiɗiyayyen zakara kuma wata takwas, kuma kwanakinta na ƙarshe a cikin kejin katako take yin su tana cin hatsi da madara. Naman yakan fito fari, mai laushi, kitse ya ratsa shi. Tana cikin kaji mafi tsada a duniya. Abin lura a nan shi ne ko a Bresse madara ƙari ce a kan hatsi da kiwon fili, ba ita ce jigon abincin ba.

A sauran wurare al'adar ta mutu, kuma dalilin mutuwarta kimiyya ce da farashi. An daɗe ana ganin kajin da ake ciyarwa da tsirrai zalla ba sa girma yadda ya kamata sai an haɗa musu da madara ko garin nama ko na kifi, ba a san sirrin ba. A 1948 aka ware bitamin B12, aka gane shi ne babban abin da ya ɓace. Da aka fara yin bitamin a masana'anta, garin waken suya ya yawaita, aka kuma samu metiyonin na haɗawa, wanda ɗaya ne daga ƙananan sinadaran furotin, sai masu haɗa abincin kaji suka daina bukatar madara. Wannan ya bayyana wanda zai amfana da ita yau. Mai kajin gidan gona da ke sayen cikakken abinci a buhu ba abin da nono zai ƙara masa sai jiƙa shimfiɗa, wari da dattin ƙwai. Mai kajin gida goma ko ashirin, wanda dusa da tsaki ne kawai a hannunsa, shi ne zai ga bambanci.

Babbar matsalar madara ga kaza ita ce sukarinta, wato laktos, wanda ya kai kusan kashi 4.7 cikin ɗari. Maraƙi da jariri suna da sinadarin da ke narkar da wannan sukari a hanjinsu. Tsuntsu ba ya shan mama, don haka abin da yake da shi na wannan sinadari kaɗan ne ƙwarai. Sukarin da bai narke ba yakan wuce zuwa ƙarshen hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi. Idan kaɗan ne ba ya cutarwa. Idan ya yi yawa kaza takan yi zawo, gashin gindinta ya ɓaci, ƙasan akurki ya jiƙe, kuma jiƙaƙƙen akurki shi ne gidan cututtuka.

Saboda haka nono ya fi ɗanyar madara dacewa da kaji. A lokacin da madara ke tsami, ƙwayoyin da ke daskarar da ita suna cinye wani ɓangare na sukarin su mai da shi tsami, kuma tsamin yana hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinta. Sai dai ba duka sukarin ke tafiya ba, abin da ke raguwa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ko uku ba. Mai son ya rage shi sosai sai ya zuba nonon a ƙyalle mai tsabta ya rataye shi a inuwa. Ruwan zai tsiyaye da mafi yawan sukarin, guda-gudan da ya rage kuwa kusan furotin ne da mai, kuma shi ya fi dacewa da 'yan tsaki idan an murtsuke shi da tsaki. Da wannan lissafi, ruwan cuku shi ne mafi rauni a cikin dangin rara: furotin ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma kusan duk sukarin madarar yana cikinsa. Yana da amfani wajen jiƙa dusa saboda bitamin ɗinsa, amma bai kamata ya maye gurbin ruwan sha ba. Idan an sa masa gishiri kuwa, gara a zubar, domin kaji, musamman ƙanana, ba sa jure gishiri.

Hanyar bayarwa mai sauƙi ce. Ana zuba nono a kan dusa ko garin hatsi a cuɗa har ya yi danshi yana warwarewa a hannu, ba ya zama kunu yana manne wa baki ba. Ga manyan kaji goma, rabin lita zuwa lita ɗaya a yini ya isa, kuma da rabin wannan ake farawa a ƙara a hankali cikin mako guda. Kashin kajin shi ne ma'auni: da zarar ya fara ruwa-ruwa, an wuce gona da iri. Da safe ake bayarwa, gwargwadon abin da za su cinye cikin rabin sa'a, a kwashe saura a wanke mazubi. Jiƙaƙƙiyar dusa ba ta yini a zafin ƙasar Hausa. Takan yi fumfuna, ƙuda ya yi mata tsutsa, kuma ruɓaɓɓen abinci da tsutsar da ta ci shi na iya ɗauke da dafin da ke shanye wuyan kaza har ta kasa ɗaga kai. Tsami daban, ruɓa daban. Nonon da ya yi ɗoyi, ko ya canza launi, ko fumfuna ta hau kansa, ba na kaza ba ne. Ruwan sha mai tsabta kuma dole ya kasance a gefe kullum.

Mazubi ma abin kula ne. Bokitin ƙarfe da mazuban ruwan kaji da aka shafa wa tutiya, irin wadda ke jikin kwanon rufi, ba su dace da nono ba, domin tsami yana narkar da tutiyar ta shiga abincin, yawanta kuma guba ne. Kaskon ƙasa, roba, akushi ko tsohuwar ƙwarya sun fi. Wanda ya fi faɗi ya fi mai zurfi kyau, don kada 'yan tsaki su faɗa ciki su jiƙe, sanyi ya kama su.

Wajen turka ne ake sassauta ma'auni. Zakarun da ake son sayarwa da Sallah ko Kirsimeti ana iya killace su a wuri mai inuwa na kwana goma zuwa mako biyu, ana ba su garin masara ko dawa da aka dama da tsala ruwa-ruwa, sau biyu ko uku a yini. Sukan yi nauyi, namansu ya yi laushi. Bayan mako biyu cin abincinsu kan ragu, ribar ta tsaya, don haka ba a jan lokacin. Ba a yi wa kaza mai ƙwai haka, domin ƙiba tana rage mata ƙwai, musamman idan kindirmo ne mai cikakken mai.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda madara tana ƙarfafa ƙashin yaro, za ta ƙarfafa ɓawon ƙwai. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da kalsiyam kusan giram 2, kuma dakwalwar da ke ƙwai kusan kullum tana bukatar kusan giram 4 a abincinta na yini. Lita ɗaya ta madara giram 1.2 kacal take da shi. Kafin kaza ta samu bukatarta daga madara sai ta shanye fiye da lita uku, alhali duk ruwan da take sha a yini bai fi rubu'in lita ba sai da tsananin zafi. Maganin ɓawo mai laushi shi ne garin ƙashi, dakakken ɓawon katantanwa, garin farin dutsen da masu sayar da kayan abincin kaji ke sayarwa, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Haka nan nono ba ya sa gwaiduwa ta yi ja. Wannan aikin ganye ne, irin su zogale, da jar masara.

Nono kuma ba magani ba ne, ko da yake an taɓa ɗaukar sa haka. A shekarun 1920 masana a Jami'ar Kalifoniya sun ba manoma shawarar su haɗa garin madara har kashi 40 cikin ɗari a abincin 'yan tsakin da suka kamu da cutar kashin jini, bisa tunanin cewa tsami da zawon da zai biyo baya za su wanke hanjin. An bi wannan shawara shekaru da dama, sannan aka watsar da ita da magungunan gaske suka fito a shekarun 1940. Annobar Niyukasil da ke share kajin ƙauye da hunturu ma nono ba ya taɓa ta. Rigakafi ne babbar kariyarta, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa. Wani lokaci ma nono yana kawo cikas ga magani: kalsiyam ɗinsa yana kama magungunan dangin tetirasaikilin a cikin hanji ya hana su shiga jini, don haka idan ana ba kaji irin wannan magani sai a dakatar da nono har a gama.

Akwai madarar da ba ta cancanci shiga akurki ba kwata-kwata, kuma ita ce wadda aka fi kwaɗayin zuba wa kaji tunda ba ta sayuwa. Madarar saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta tana ɗauke da ragowar maganin na wasu kwanaki, yawansu yana rubuce a jikin kwalbar. Idan kaza ta sha, ragowar na iya bi ta cikin ƙwai ta koma bakin mutane, kuma irin wannan ɗan magani da ba ya kashe cuta shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Madarar hantsar da ta kumbura, mai gudaji ko jini ko mugunya, ita ma ta zubarwa ce. Ɗanyar madarar garken da shanunsa ke ɓari na iya ɗauke da cutar bakkale, kuma haɗarinta ya fi yawa ga mai dama dusar da hannu da yaran da ke lasar ludayi.

A watan Maris na 2024 aka gano wani sabon haɗari. An tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jikin shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka, daga baya ta bazu zuwa wasu jihohi. Ƙwayar cutar tana taruwa da yawa a hantsa ta fito a ɗanyar madara, har kyanwoyin da suka sha ta a wasu gonaki suka mutu, kuma cutar ta koma daga garken shanu zuwa gonakin kaji na kusa. Najeriya ta san ɓarnar wannan cuta a kaji, domin a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006. Zafi yana kashe wannan ƙwayar cuta da ta bakkale da ta tarin fuka. Dabarar da mata ke bi wajen yin kindirmo, a tafasa madara, a bar ta ta huce, a ɗiga mata ɗan nonon jiya ta kwana, ita ce mafi aminci ga kaji kamar yadda take ga mutane.

Saura batun riba. Kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne. Lita ɗaya ta nonon da aka cire wa mai tana ɗauke da furotin kusan giram 34, wanda bai wuce abin da ke cikin giram 80 na garin waken suya ko tunkuzar gyaɗa ba, wato abin da tafin hannu zai ɗauka. Furotin ɗin nono ya fi na tunkuza inganci, amma ko an yi la'akari da haka, wanda ya sayi nono a kasuwa don ya ba kaji ya faɗi. Wannan lita ɗaya tana da furotin na ƙwai biyar zuwa shida, kuma kaza ba za ta mayar da shi duka ƙwai ba, domin jikinta zai ci rabonsa. Yaron da ya sha nonon kai tsaye ya fi samun amfani a kan wanda ya jira ƙwan. Maraƙin da aka tauye wa shansa don a tara madara kuwa asararsa ta fi duk abin da kaji za su kawo.

Don haka kaji ne na ƙarshe a layi. Maraƙi ya sha ya ƙoshi, yara da mutanen gida su samu, a kai na kasuwa, a kaɗa man shanu ko a shanya cuku, waɗanda ke ajiyuwa har farashi ya tashi da rani. Tsala da ruwan cuku da nonon da ya kwana ya yi tsami, waɗanda in ba haka ba ƙasa za ta shanye, su ne rabon akurki, kuma gwargwadon ƙaramin ludayi guda ga kowace kaza a cikin dusar safe ya wadatar.